Shin ɗan wasan kurket ma sai an gwada fitsarinsa?

Malam, tambayarka ta iso ni. Ka ce kana koyar da yara kurket a makarantar sakandare, ka ji labarin dakatarwar da aka yi wa ɗan kurket Kagiso Rabada na Afirka ta Kudu a 2025 bayan gwajin ƙwaya, sai abin ya tsaya maka a rai. A ganinka kurket wasa ne na ido da hannu da haƙuri da dabara, to me ƙwaya za ta ƙara wa mai yin sa? Ka ce tseren keke da ɗaga ƙarfe kowa ya san dalilin gwaji a cikinsu, amma a kurket kana jin kamar ɓarnar kuɗi ce da cin zarafin 'yan wasa.

Ni likita ne, na daɗe ina aiki da 'yan wasa, kuma na sha zama a ɗakin da ake karɓar fitsari bayan an tashi wasa. Amsata ita ce gwajin ya dace da kurket, ya ma zama dole. Sai dai ƙorafinka yana da ƙanshin gaskiya a wasu wuraren, kuma zan nuna maka su ba tare da na ɓoye komai ba.

Na yarda da kai cewa babu ƙwayar da za ta koya wa mutum karanta ƙwallon da aka murɗa masa da yatsu, ko ta koya masa barin ƙwallon da bai kamata ya taɓa ba. Amma ka tsaya ka kalli jikin mai jifan gudu. Zai taho a guje daga nesa, ya yi tsalle, ya dire a kan ƙafarsa ta gaba da nauyin da ya ninka na jikinsa sau da dama, ya murɗa gadon bayansa, ya saki ƙwallo tana tafiya da saurin kilomita 140 ko fiye a awa guda. Zai koma ya sake, sau shida a kowane zagaye. A wasan kwana biyar da ake kira Test, mutum ɗaya yana iya yin zagaye ashirin a wuni, gobe kuma a sake neman sa. Tsagewar ƙashin baya daga ƙasa, da ciwon gwiwa, da na idon sawu, da yagewar tsokar haƙarƙari, su ne abincin yau da kullum na masu wannan sana'a. To abin da sitiroyid irin su nandrolone ke yi ke nan: su gina tsoka, su gaggauta gyaran wadda ta gaji ko ta yage, su ba mutum damar yin atisaye mai tsanani yau ya tashi gobe garau. Ka ɗauki masu jifa biyu da ƙwarewarsu ta zo ɗaya, dukansu suka ji rauni iri ɗaya ana saura wata biyu a fara gasa. Wanda ya yi allura zai riga ɗan'uwansa dawowa fili, shi za a zaɓa, shi zai samu kwantiragi. Wancan da ya bi hanyar halal yana gida yana jinya. Wannan zalunci ne ko da ƙwayar ba ta ƙara wa na farkon dabara ko ƙwaya ɗaya ba.

Mutanen Amurka sun sha yin irin maganarka game da wasansu na baseball, wanda shi ma jifa ne da bugu da sanda. Shekaru suna cewa wasan ido ne, tsoka ba ta da amfani a cikinsa. Mark McGwire ya kafa tarihi a 1998 da bugu 70 da suka tsallake fili, sai a 2010 ya fito da bakinsa ya amsa cewa ya yi amfani da sitiroyid, kuma dalilin da ya bayar shi ne neman murmurewa daga raunuka. Rahoton Mitchell na 2007 ya ambaci gomman 'yan wasa. Wanda idonsa ya riga ya ƙware, idan aka ƙara masa ƙarfin kafaɗa, ƙwallon da da za a cafke ta a bakin iyaka sai ta faɗa cikin 'yan kallo.

Kuma kurket ɗin ma ya sauya kama. Tun da aka ƙirƙiro gajeren wasa na T20 a Ingila a 2003, aka kuma buɗe gasar IPL a Indiya a 2008, ƙarfin bugu ya zama haja mai tsada. An sayar da haƙƙin nuna IPL na shekarun 2023 zuwa 2027 a kan sama da dala biliyan 6. A gwanjon watan Nuwamban 2024 an sayi Rishabh Pant a kan rupi miliyan 270, wato fiye da dala miliyan 3, don gasar kimanin wata biyu. Ɗan wasa yanzu yana gama gasa a Afirka ta Kudu ya hau jirgi zuwa Dubai, daga can Indiya, daga can Karibiyan, jikinsa bai huta ba. Duk inda kuɗi suka kai haka, jiki kuma yake neman gazawa, za a samu mai raɗa wa yaro a kunne cewa akwai 'yar allura. Ba sai an zama mugu ba kafin a saurari wannan raɗar, musamman yaron da iyayensa da ƙannensa suka zuba masa ido.

Sannan ba hasashe muke yi ba, abin ya sha faruwa. A watan Disambar 2002 kafaɗar Shane Warne na Ostiraliya ta goce a wasa da Ingila. Ya warke da wuri, ya shiga tawagar Gasar Kofin Duniya ta 2003 a Afirka ta Kudu. Ana gab da wasansu na farko aka sanar cewa an samu hydrochlorothiazide da amiloride a fitsarinsa, sai ya koma gida. Waɗannan magungunan sa fitsari ne, irin waɗanda muke rubuta wa masu hawan jini. Ya ce mahaifiyarsa ce ta ba shi ƙwayar don ya rage kumburin fuska. Adalci ya sa in faɗa maka cewa ba a taɓa samun sitiroyid a jikinsa ba. Dalilin haramta irin wannan maganin shi ne yana tsinka fitsari, ya wanke alamun wasu abubuwan kafin ɗakin bincike ya gan su. An dakatar da shi shekara ɗaya, kuma hukumar kurket ta ƙasarsa ce ta yanke hukuncin.

Labarin da ya fi koya mini darasi shi ne na Shoaib Akhtar da Mohammad Asif na Pakistan. Shoaib shi ne mai jifan da ya fi kowane sauri da aka taɓa aunawa, kilomita 161.3 a awa, a kan Ingila a 2003, kuma gwiwoyinsa sun daɗe suna ba shi wahala. A watan Oktoban 2006 gwajin da hukumar kurket ta Pakistan ta yi da kanta ya nuna nandrolone a jikin su biyun, aka janye su daga gasar Champions Trophy a Indiya. Kwamiti ya yanke wa Shoaib shekara biyu, Asif shekara ɗaya. Bayan kimanin wata guda wani kwamitin ɗaukaka ƙara na cikin gida ya soke hukuncin gaba ɗaya, bisa hujjar cewa ba a gargaɗe su game da gurɓatattun magungunan gina jiki ba. Hukumar yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya, WADA, ta kai ƙara kotun wasanni da ke Lausanne, sai kotun ta ce a 2007 ba ta da hurumi, saboda dokokin hukumar Pakistan na lokacin ba su ba ta wannan ikon ba. Haka maganar ta mutu. A 2008 aka sake samun nandrolone a jikin Asif a gasar IPL.

Nan ne ciwon yake, Malam. Hukumar da take cin abinci da tauraro ba za ta iya zama alƙalinsa ba. Tikiti da talla da farin jinin shugabanninta duk suna rataye a wuyansa, ka ga an ba kura ajiyar nama. Shi ya sa nake ganin duk mai cewa a bar kurket ya tsaftace kansa da kansa bai duba abin da ya faru lokacin da aka bar shi ɗin ba. Hukumar kurket ta duniya, ICC, ta sa hannu a kan dokar WADA a 2006, amma Indiya, wadda ita ce uwar kuɗin wasan, ta ƙi barin hukumar gwaji ta ƙasarta, NADA, ta taɓa 'yan kurket ɗinta har sai watan Agustan 2019. Kafin nan kamfani mai zaman kansa take biya yana karɓar mata samfur, ita kuma ta yanke hukunci. Abin da ya faru da Prithvi Shaw na Indiya a 2019 ɗin ya nuna illar haka. An karɓi fitsarinsa a watan Fabrairu, aka samu terbutaline, wanda ya ce daga maganin tari ya shiga jikinsa. Yaron ya buga IPL ɗinsa har ƙarshe, sai a ƙarshen Yuli aka sanar da dakatarwar wata takwas, aka kuma mayar da lissafinta baya zuwa watan Maris. Ban zargi yaron da ƙarya ba, shekarunsa 19 a lokacin, kuma na san yadda maganin tari ke jefa mutane cikin wannan ramin. Tsarin ne ya bar ƙofar zargi a buɗe, har mai gaskiya ma ba zai iya wanke kansa a idon jama'a ba.

Yanzu ga inda nake tare da kai. Gwajin nan yana da ɗaci, kuma wanda bai gani da idonsa ba ba zai gane ba. Ana tashi wasa wani jami'i zai nufo ɗan wasa da takarda, ya sa hannu, daga wannan lokacin ba zai bar ganinsa ba ko banɗaki zai shiga. A ɗakin za a zaunar da shi, ya zaɓi kofi a cikin leda da hannunsa. Jami'i mai jinsi irin nasa zai bi shi, ya ce ya ɗaga riga zuwa ƙirji, ya sauke wando zuwa gwiwa, ya tsaya yana kallon fitsarin yana fita daga jikinsa. Ana bukatar aƙalla mililita 90. Na taɓa zama da wani matashi, ɗan gudu ne, da ya wuni a rana jikinsa ya bushe. Muka yi kusan awa uku yana kurɓar ruwa yana zagaya ɗaki, motar tawagarsu tana jira a waje, kunya ta hana shi ɗaga ido ya kalle ni. Da ya samu ya yi, hannunsa na rawa ya raba fitsarin a kwalba biyu, ta A da ta B, ya murɗa murfin har ya yi ƙara, irin murfin da ba ya buɗuwa sai an fasa shi a ɗakin bincike. Ga wanda ya tashi a gidan da ko gaban ɗan'uwansa ba ya tuɓe riga, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma an kai ga wannan tsananin ne saboda an sha kama masu shigowa da fitsarin wani a ɓoye cikin 'yar roba.

Akwai kuma dokar sanar da inda kake. Manyan 'yan wasan da aka sa a jerin gwaji sai sun riƙa bayyana inda za a same su, domin mai amfani da sitiroyid ba ranar wasa yake yi ba, a lokacin hutu da jinya yake yi, kafin gasa ta zo alamun sun gushe. A 2009 'yan wasan Indiya, ciki har da Sachin Tendulkar da MS Dhoni, suka ƙi amincewa da wannan sharaɗin, suka ce ya shiga sirrinsu kuma yana da haɗari ga tsaronsu. Ban raina hujjarsu ba. A watan Maris na 2009 ɗin 'yan bindiga suka buɗe wa motar tawagar Sri Lanka wuta a Lahore ta Pakistan, watanni kaɗan bayan harin ta'addancin da aka kai Mumbai a Indiya. Amma maganin wannan shi ne a tsare bayanan da kyau. Idan aka soke gwajin ba-zata, sauran gwajin ya zama na kama wanda bai iya lissafin kwanaki ba kawai. Andre Russell na Jamaika ya sha dakatarwar shekara ɗaya a watan Janairun 2017 ba don an samu komai a jikinsa ba, sai don sau uku a 2015 bai cike bayanan inda yake ba. Hukuncin yana da zafi, amma idan aka ɗaga wa wanda ya manta ƙafa, mai ɓuya da gangan ma mantuwa zai ce ya yi.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne kuskuren ɗakin bincike. A watan Disambar 2015 aka mayar da Kusal Perera na Sri Lanka gida daga New Zealand, aka ce wani ɗakin bincike a Katar ya ga sitiroyid a fitsarinsa. Shekara huɗu ke jiran sa. Ya rasa gasar Asiya, ya rasa Kofin Duniya na T20 na 2016, sunansa ya ɓaci a jaridu. Ya tsaya kai da fata, lauyoyinsa suka kawo ƙwararru suka sake duba sakamakon, suka nuna cewa adadin da aka gani ƙanƙani ne ƙwarai, irin wanda jiki kansa ke iya samarwa ko ya samu a cikin kwalba bayan an karɓa. A watan Mayun 2016 ɗakin binciken ya janye sakamakonsa, ICC ta janye tuhuma. Wannan mutumin ne a watan Fabrairun 2019 ya ci maki 153 ba a fitar da shi ba a Durban, ya ɗauki ƙasarsa a kafaɗa suka doke Afirka ta Kudu saura mutum ɗaya a fitar da su duka. Da ba shi da hukumar da ta tsaya masa da kuɗin lauya, da duniya ba ta ga wannan wasan ba. Kullum ina tunanin yaron ƙaramar ƙasa da irin haka za ta same shi ba shi da mai tsaya masa. Duk mai goyon bayan gwaji, kamar ni, wajibi ne ya goyi bayan a hukunta ɗakin binciken da ya yi sakaci, a kuma samar wa talakan ɗan wasa hanyar kare kansa.

Shi kuwa Rabada da ka ambata, lamarinsa daban ne. Abin da aka samu a jikinsa a watan Janairun 2025, lokacin gasar SA20 ta ƙasarsu, alamar hodar iblis ce. Tun 2021 dokar WADA ta ware irin waɗannan kayan maye: idan ɗan wasa ya tabbatar da cewa ba a lokacin gasa ya sha ba kuma ba don wasa ba, hukuncin wata uku ne, ya koma wata ɗaya in ya kammala shirin gyaran hali. Wata ɗayan ya yi, ya dawo, a watan Yuni ya fitar da masu bugu tara da jifansa a wasan ƙarshe na gasar Test ta duniya a filin Lord's da ke Landan, Afirka ta Kudu ta doke Ostiraliya. Wasu sun ce an yi masa sassauci. Ni a matsayina na likita ina ganin rarrabewar daidai ce, domin mai shaye-shaye mara lafiya ne da ke bukatar magani, mai allurar sitiroyid kuwa haƙƙin wani yake ci. Amma ban yarda a daina neman kayan mayen ba. A watan Yunin 2012 Tom Maynard, ɗan wasan ƙungiyar Surrey mai shekara 23 da ake sa ran zai buga wa Ingila, ya mutu a kan layin jirgin ƙasa a Landan. Binciken da aka yi ya nuna giya da hodar iblis a jikinsa, gashin kansa kuma ya nuna ya ɗauki watanni yana sha. Yana cikin abokan wasansa kullum, babu gwajin da ya gano shi. Bayan rasuwarsa ne Ingila ta faɗaɗa gwajin gashi, wanda manufarsa ta farko a gano yaro a taimake shi tun bai halaka ba.

Akwai wani dalili da ya rufe muhawarar ko da mun ƙi. A watan Oktoban 2023, a taron da aka yi a Mumbai, kwamitin Olamfik ya amince kurket zai dawo a gasar Los Angeles ta 2028, karo na farko tun Paris a 1900. Babu wasan da ke shiga Olamfik ba tare da bin dokar WADA ba.

Kuma abin ya shafe ka kai tsaye. A watan Janairun 2025 'yan matan Najeriya 'yan ƙasa da shekara 19 suka doke New Zealand da maki 2 a Kofin Duniya na T20 a Malesiya. Duk yaron da ya kai wannan matakin yana ƙarƙashin dokar ICC, kuma dokar tana cewa duk abin da aka samu a jikinka kai ne da alhakinsa, ka sani ko ba ka sani ba. Idan ka duba waɗanda aka kama a kurket, da yawansu a kan maganin gida ne. Yasir Shah na Pakistan ya ce maganin hawan jinin matarsa ya sha bisa kuskure, ya yi wata uku. Zubayr Hamza na Afirka ta Kudu ya ce na zuciyar mahaifinsa ne, ya yi wata tara a 2022. Upul Tharanga na Sri Lanka maganin gargajiya ya sha don ciwon kafaɗa a 2011, aka samu prednisolone a jikinsa. Mohammad Shahzad na Afganistan maganin rage ƙiba ne ya ja masa shekara ɗaya a 2017. To ka kwatanta da yadda muke shan magani a nan, inda yaro zai tsaya a kemis ya ce a haɗa masa na ciwon jiki, a ƙulle masa ƙwayoyi biyar a leda babu suna babu takarda.

Tramadol ya shiga jerin haramtattu a lokacin gasa tun 1 ga Janairun 2024, kuma ka san yadda ya yi katutu a tsakanin matasanmu, har wasu na ɗaukar sa maganin gajiya. Dexamethasone da prednisolone, na sha ko na allura, haramun ne a lokacin gasa, ga shi ana cusa su a ƙwayoyin ƙiba da wasu haɗe-haɗen ciwon gaɓɓai da ake tallarsu a kasuwa. Wasu magungunan mura suna ɗauke da pseudoephedrine, wasu na tari suna da terbutaline. Goro da shayi da kofi babu laifi, an cire sinadarinsu daga jerin tun 2004. Yaro mai asma kuma kada a hana shi maganinsa don tsoron gwaji: abin shaƙa na salbutamol an yarda da shi zuwa wani adadi, sauran kuma akwai takardar izinin jinya da likita ke cikewa tun kafin gasa.

Kafin ku fita gasa ta gaba, ka tara yaran ka ce kowa ya zo da duk abin da yake sha, har da na gargajiya da garin gina jiki da wani yayansa ya ba shi. Ka rubuta sunan kowane a littafi ɗaya tare da sunan yaron da ranar da ya fara sha, ka kai wa likita ko ƙwararren mai harhaɗa magunguna ya duba da jerin WADA na wannan shekarar, domin jerin yana sauyawa kowace 1 ga Janairu. Wanda babu suna a jikinsa, a bar shi a gida.